Catching Fire ko Insurgent: wanne za a fara saya wa wanda ya gama na farko?

Ɗiyar yayana ce ta sa ni wannan rubutu. Shekararta 16, tana aji biyu na babbar sakandare, kuma a dogon hutun da ya wuce ta zo ta yi wata guda a wurina a Unguwar Dosa. Cikin kwana goma ta cinye littattafai biyu daga kantata, The Hunger Games na Suzanne Collins da Divergent na Veronica Roth, har sai na karɓe littafin daga hannunta kafin ta tashi ta ɗora girki. Da ta gama ta koma kan kantar neman ci gabansu, ba ta samu ba, don na biyun kowannensu na ba da aro shekarun baya, ba su dawo ba. Goron sallarta ne kawai a hannunta, kuma littafi ɗaya zai iya saya. Sai ta ce, "Gwaggo, wanne zan fara saya, Catching Fire ko Insurgent?"

Ban yi dogon tunani ba na ce mata Catching Fire. Ta ce, "Saboda me, Gwaggo?" Nan na tsaya, don rabona da littattafan ya kai shekara goma. Na ce ta ba ni mako biyu. Na aro duka biyun a wurin wata abokiyar aikina, na sake karanta su ɗaya bayan ɗaya. Zaɓina bai canja ba, amma dalilaina sun canja, kuma na tarar da wani abu a Insurgent da ya wuce ni a karatun farko. Wanda ba ya son a faɗa masa yadda labari ya kaya, ya sani tun yanzu cewa zan buɗe wasu asirai, domin ba a auna littafi biyu daga bangonsu.

Duka biyun labaran gobe mai muni ne, waɗanda aka rubuta da Turanci don matasa: duniyar da muka sani ta rushe, an sake gina wata a kan zalunci mai tsari, sai wata yarinya 'yar shekara 16 ta farga cewa abin da aka raine ta a kai ba gaskiya ba ne. Kuma duka biyun na tsakiya ne a jerin littafi uku. Duk wanda ya tashi yana karanta littattafan Hausa na kasuwar Kano masu kashi ɗaya da biyu da uku ya san ciwon na tsakiya. Na farko yana da sabunta, na ƙarshe yana da warwara, na biyu kuwa sau da yawa jan rai ne kawai, a yi ta zagaye da mai karatu har a kai shi inda za a ce masa ya nemi na uku. Don haka tambayar farko da nake yi wa kowane littafi na biyu ita ce: in aka cire shi daga jerin, me za a rasa?

Catching Fire ya fito a 2009, shekara ɗaya bayan na farko. Ƙasar ita ce Panem, mai babban birni ɗaya da gundumomi 12 da ke yi masa bauta, kowace da sana'arta. Duk shekara kowace gunduma tana ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya, su 24, a zuba su a fili su kashe juna ana nunawa a talabijin, ɗaya ya dawo. Katniss Everdeen da Peeta Mellark sun karya wannan doka a gasa ta 74, suka fito su biyu, don sun nuna za su haɗiye 'ya'yan itace masu dafi tare. Littafi na biyu ya fara ne da abin da mai karatu bai cika tunani ba: me ke biyo bayan nasara? Ga gida mai kyau, ga kuɗi, ga abinci, amma an gudu ba a tsira ba. Shugaba Snow da kansa ya zo har cikin gidan mahaifiyarta ya zauna, yana ƙamshin fure haɗe da ƙarnin jini, ya gaya mata cewa gundumomi sun ɗauki abin da ta yi a matsayin tawaye, kuma in ba ta gamsar da su cewa soyayya ce ta ruɗe ta ba, danginta ne za su biya.

Wurin da na san cewa wannan littafi ba maimaici ba ne shi ne rangadin da aka kai su Gunduma ta 11, garin Rue, ƙaramar yarinyar da wani ɗan gasa ya kashe, ta cika Katniss tana rungume da ita, a littafin farko. Katniss ta ajiye abin da aka shirya mata, ta yi wa dangin yarinyar godiya daga zuciyarta. Wani tsoho a cikin taron ya yi fito da ɗan waƙen da Rue take yi, jama'a duka suka ɗaga yatsu uku. Kafin a rufe ƙofa, a kan idonta, dakaru suka jawo tsohon suka durƙusar da shi suka harbe shi a ka. Kalma mai kyau ta faɗa, kuma ita ce ta kashe mutum. Daga nan har ƙarshen littafin ba ta sake buɗe baki a gaban jama'a ba tare da wannan nauyi a kanta ba, mai karatu ma haka.

Kashi biyu cikin uku na littafin ba a filin gasa yake ba. Babi 27 ne, an raba su gida uku, tara-tara, kuma sai a kashi na uku ake shiga fili. Wasu masu karatu suna ƙorafi a kan wannan, suna cewa farkon yana da sanyi. Ni kuwa nan ne na fi so. A nan ake ganin yadda mulki ke matse gari a hankali: an kawo sabon shugaban dakaru, an ɗaure Gale, abokin farautar Katniss, a dandali an yi masa bulala har ya suma saboda an kama shi da tsuntsun da ya farauto, an ƙone kasuwar bayan fage da talakawa ke samun na tuwo, an sa wutar lantarki a shingen da ya kewaye gunduma, an rufe ramukan kwal har yunwa ta shiga gidaje. Babu wanda aka ce masa kada ya yi magana. An dai nuna masa bayan Gale, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sannan aka zo gasa ta 75, wadda ake yi wa sabuwar doka duk shekara 25. Dokar wannan karon ita ce za a zaɓo 'yan gasa daga cikin waɗanda suka taɓa cin nasara, kuma Katniss ce kaɗai mace mai rai da ta taɓa ci daga Gunduma ta 12. Da na fara karantawa a da, na ce shi ke nan, marubuciyar ta rasa abin faɗa ta koma inda ta fito. Ashe ba haka ba ne. A littafin farko yara ne da ba su san juna ba. A wannan manya ne da suka yi shekaru suna haɗuwa, wasu abokan juna, wasu giya da ƙwaya sun gama da su, har da Mags, tsohuwa 'yar shekara 80 da ta miƙa kanta don kada a ɗauki wata yarinya mai taɓin hankali. A daren hirar talabijin duka suka tashi suka riƙe hannun juna a gaban kyamara, abin da gundumomi ba su taɓa gani ba. Filin kansa agogo ne, an raba shi gida 12, kowace awa da nata bala'in: hazo mai dafi, ruwan jini, birai masu cizo, igiyar ruwa, da tsuntsaye masu kwaikwayon kukan wanda kake ƙauna. Mai karatu yana warware wannan wasa ƙwaƙwalwa tare da su, kuma duk abin da zai yi amfani a ƙarshe an riga an nuna shi tun da wuri, daga agogon aljihun Plutarch, shugaban masu shirya gasar, har zuwa naɗin wayar ƙarfe ta Beetee, ɗaya daga cikin 'yan gasar. Ba a yaudare ka ba, kai ne ba ka lura ba.

Insurgent ya fito a 2012, shi ma shekara ɗaya bayan Divergent. Birnin Shikago ne bayan rushewar duniya, an kewaye shi da shinge, an raba mutanensa rukuni biyar bisa halin da kowa ya ɗauka shi ne maganin yaƙi: Abnegation masu sadaukar da kai, Amity masu son zaman lafiya, Candor masu faɗin gaskiya, Dauntless masu jarumta, Erudite masu ilimi. Duk wanda ya kai 16 zai zaɓi rukuninsa, kuma ana koya masa cewa rukuni ya fi jini. Tris Prior ta dace da uku a cikin biyar, wanda a tsarinsu laifi ne da ke jawo kisa. Littafin ya ɗauko daga daidai inda na farko ya tsaya, suna cikin jirgin ƙasa suna gudu, ba tare da ya tuna maka ko wane ne wane ba. Ga ɗiyar yayana da ta ajiye Divergent jiya-jiya, wannan ba matsala ba ce. Ga wanda ya yi wata shida da karanta na farko, zai sha wuya, don sunaye suna da yawa kuma ana ta jefo su.

Tafiya ce daga wannan rukuni zuwa wancan. A gonakin Amity an gano cewa zaman lafiyar nasu har da maganin kwantar da hankali da ake sa musu a burodi. A wurin Candor ana yi wa mutum allurar da ke tilasta shi faɗin gaskiya a gaban taro. A tsakanin rusassun gine-gine ga marasa rukuni, waɗanda suka faɗi jarrabawa ko aka kora, masu shara da tuƙi da aikin ƙarfi, suna cin abinci daga gwangwani ɗaya ana miƙa wa juna, kuma shugabarsu ita ce Evelyn, mahaifiyar Tobias saurayin Tris, wadda kowa ya ɗauka ta mutu. Kowane zango yana da abin sha'awa. Matsalar ita ce zaren da ke haɗa su. An kai hari, an gudu, an yi taro, an yi gardama, an sake kai hari. Allura kuma ta yi yawa: ta gaskiya, ta kwantar da hankali, ta juya mutum kamar mutum-mutumi, ta tsoro, ta kisa. Duk inda labari ya cije sai a fito da wata. Kuma babban asirin da ake ta ja wa mai karatu rai a kansa tun daga farko, Marcus, mahaifin Tobias, ya san shi, amma ya ƙi faɗa, ba don wani dalili mai ƙarfi ba sai don littafin yana bukatar ya kai shafi na ƙarshe.

Ina ganin bambancin gogewa ne. Suzanne Collins an haife ta a 1962, ta daɗe tana rubuta shirye-shiryen yara na talabijin, kuma ta riga ta kammala wani jerin littafi biyar kafin ta fara wannan. Veronica Roth an haife ta a 1988, tana ɗaliba a Jami'ar Northwestern ta rubuta Divergent, kuma shekararta 23 sa'ad da Insurgent ya fito. Ɗaya ta san inda za ta yanke, ɗaya tana zuba duk abin da ke zuciyarta. A bugun Amurka na farko Catching Fire shafi 391 ne, Insurgent kuma 525, kuma da an rage masa ɗari da ya fi ƙarfi.

Amma abin da ya yanke mini hukunci ba tsari ba ne. Tambaya ce da duka littattafan biyu suke yi, wadda mu mutanen Kaduna ba mu bukatar a fassara mana: me ke raba mutanen gari ɗaya?

A Kakuri aka haife ni. Mahaifinmu ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun da suka cika unguwar tun bayan da aka buɗe ta farko a 1957, zamanin Sardauna. Gidan haya muke, ɗaki-ɗaki, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kuma matar da ke ɗakin da ke kallon namu Kirista ce daga kudancin jihar, muna ce mata Mama. Ita ke yi mini kitso in Innarmu ba ta da lafiya. A watan Fabrairun 2000, da gari ya kama da wuta, a ɗakinta muka kwana biyu, ta sa katifa ta tokare ƙofa, tana fita tana ce wa masu tambaya mun tafi tun jiya. Rana ta uku aka tsallakar da mu gada a bayan motar sojoji, Innarmu tana riƙe da ƙullin kaya ɗaya, keken ɗinkinta yana can. Ba mu sake kwana a kudancin kogi ba. Aka sake yi a Nuwamban 2002, aka sake a Afrilun 2011, kuma kowane karo sai wasu su tattara su koma ɓangaren da suke ganin nasu ne. Ɗiyar yayana a wannan Kadunar ta buɗe ido, wadda ake cewa Tudun Wada da Rigasa da Kawo na waɗannan ne, Sabon Tasha da Narayi da Television na waɗancan ne. A wurinta haka gari yake tun asali. Ba ta san an taɓa shanya kaya a igiya ɗaya ba.

To, Insurgent yana gina duniyarsa a kan cewa mutane iri-iri ne a halittarsu: wannan jarumi ne, wancan mai gaskiya ne, wancan mai wayo ne, kuma 'yan kaɗan ne na musamman da suka fi ƙarfin a sa su a akwati ɗaya. Gaskiya ne littafin yana sukar tsarin rukunan, amma maganin da yake kawowa shi ne a sami mutum na daban, mai ƙwaƙwalwa ta daban. Wannan yana yi wa matashi daɗi, don kowane ɗan 16 yana jin shi kaɗai ne ba a fahimta ba. Sai dai ban taɓa yarda cewa gari zai iya tsayuwa a haka ba, kuma ban ga Kaduna a cikinsa ba.

Catching Fire kuwa yana cewa mutanen gundumomi ba su bambanta da juna a komai ba sai sana'ar da aka ɗora musu. An hana su tafiya daga wannan gunduma zuwa waccan, an hana su jin labarin juna, sannan duk shekara a sa ɗan wannan ya kashe ɗan wancan, don uwar da ke makoki ta tsani gundumar da ke maƙwabtaka da ita maimakon ta ɗaga kai ta dubi wanda ya shirya wasan. Har a cikin gunduma ɗaya an raba su, don yaron talaka yana karɓar hatsi da mai a madadin a ƙara sa sunansa a cikin ƙuri'a, ɗan mai shago kuwa ba ya bukata. Shawarar ƙarshe da Haymitch, tsohon gwarzon gasar da ke horar da su, ya ba Katniss kafin ta shiga fili ita ce ta tuna ko wane ne abokin gabarta na ainihi, kuma littafin duka a kan wannan yake tafiya, har zuwa lokacin da ta ɗauke kibiyarta daga kan mutum ta harba ta sama, ga rufin da ya kulle su duka. Da na zo inda aka ba da labarin Gunduma ta 8, ta masu saƙa, inda ma'aikata suka riƙa shirya bore a cikin ƙarar injina don kada a ji su, sai na ajiye littafin na ɗan jima. Na tuna jiniyar canjin aiki, da kekuna ɗaruruwa suna fitowa daga ƙofar masaƙa, Musulmi da Kirista, audugar da ta maƙale musu a gashi iri ɗaya.

Collins ta faɗa a hirarraki cewa tunanin labarin ya zo mata ne wani dare tana canja tashoshi, nan ga matasa suna gasa a shirin nishaɗi, can ga hotunan yaƙin Iraƙi, har suka fara cakuɗe mata. Mahaifinta sojan sama ne da ya je yaƙin Biyetnam. Sunan Panem ma daga wata tsohuwar maganar Rumawa ta ɗauko shi, wadda ke nufin a ba talaka burodi da wasanni ya manta da mulki. Ana jin wannan nauyi a rubutun. Yarinyar da ke kallon bidiyon gawarwaki a waya tsakanin waƙa da barkwanci tana bukatar littafin da zai sa ta tambayi kanta me kallon yake yi mata.

Duk da haka akwai inda Insurgent ya fi, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. A ƙarshen littafin farko Tris ta harbe Will, abokinta, lokacin da allura ta juya shi ya nufo ta da bindiga, kuma a rana ɗaya ta rasa uwa da uba. Yawancin labarai irin wannan sai jaruma ta share hawaye a babi ɗaya ta ci gaba. Roth ba ta yi haka ba. Tris ta kasa riƙe bindiga kusan duk tsawon littafin, hannunta rawa yake yi. Ta ɓoye wa Christina, ƙawarta kuma budurwar Will, ta ɓoye wa Tobias, tana ta jefa kanta cikin haɗari kamar mai neman a raba ta da ranta. Ranar da aka yi mata allurar gaskiya a gaban taron Candor, tana da ƙarfin da za ta iya dannewa, amma ta zaɓi ta faɗa, Christina tana zaune tana ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma yafiyar ba ta zo nan take ba, sai da Christina ta ga da idonta yadda allurar ke mayar da mutum, a daren da wata ƙawarsu Marlene ta taka bakin rufi ta faɗo. A karatun farko haushin Tris na riƙa ji, ina cewa yarinyar nan ta cika taurin kai. A wannan karon na gane ciwo ne ake nuna mini, irin wanda na gani a fuskar wasu samarin unguwarmu da suka fita a 2000 suka dawo ba su sake zama daidai ba. Katniss ma tana mafarkin tsoro, amma Collins ba ta zauna a kan laifin da mutum ke ɗora wa kansa kamar yadda Roth ta zauna ba. Haka kuma abin da Evelyn ta yi a ƙarshe, da mutanenta suka tattara bindigogin kowa bayan an ci yaƙi ta ce yanzu ita ce da gari, darasi ne na gaske: an sayar da kare an sayi biri. Wanda ya taɓa rasa wani, ko yake ɗauke da abin da ya kasa faɗa, zai iya samun kansa a Insurgent fiye da ɗayan.

Ga iyaye da ke tambaya ta fuskar tarbiyya, ba zan ce ɗaya daga cikinsu wankakke ne ba. Duka biyun daga wata al'ada suka fito, akwai sumba, akwai saurayi da budurwa su kwana a ɗaki ɗaya. A Catching Fire abin bai da yawa, kuma rabin soyayyar ma wasan kwaikwayo ne don tsira da rai, har da ƙaryar aure da ta ciki da Peeta ya yi a gaban kyamara. Akwai shan giyar Haymitch, wadda aka nuna a matsayin ciwo. A Insurgent shafukan shauƙi tsakanin Tris da Tobias sun fi yawa kuma sun fi zafi, ga zanen jiki, ga maganar kashe kai, ga harbe ƙaramin yaro a ka. Akwai kuma wurin da Tobias ya zare bel ya daki mahaifinsa a gaban jama'a, ramuwar dukan da ya sha yana yaro. Wannan wuri zai girgiza duk ɗan Bahaushe, kuma ya kamata babba ya zauna da yaro su tattauna shi. Ni a ganina Catching Fire ya dace daga shekara 14, Insurgent kuwa gara a bari sai 16.

Turancinsu duka mai sauƙi ne, jimloli gajeru, jarumar ce ke ba da labari da bakinta kamar yanzu abin ke faruwa. Ɗan sakandare da ke shirin jarrabawar fita zai ƙaru da kowanne. Na Roth ya ɗan fi sauƙin kalmomi, na Collins ya fi sauƙin bi.

Kada a ce fim ya wadatar. Na Catching Fire da ya fito a 2013 ya bi littafin sosai, duk da ya zubar da labarin yadda Haymitch ya ci gasa ta 50 a cikin yara 48, da matan nan biyu 'yan gudun hijira daga Gunduma ta 8 da suka fara sa wa Katniss zargin cewa Gunduma ta 13, wadda aka ce an shafe ta tun tuni, tana nan. Na Insurgent na 2015 kuwa ya ƙirƙiro wani akwati da babu shi a littafin ya ɗora labarin duka a kansa, wanda ya kalle shi bai san littafin ba.

Sai a duba gaba, don wanda ya sayi na biyu ya ɗaura wa kansa sayen na uku. Duka biyun a tsakiyar tashin hankali suke tsayawa. Catching Fire ya rufe da labarin cewa Gunduma ta 12 babu ita, an kama Peeta, kuma wannan ya fito ne kai tsaye daga abin da Katniss ta aikata. Mockingjay na 2010 ya ɗauka daga nan, littafin yaƙi ne mai ɗaci, ba kowa ke son sa ba, amma bai rushe abin da aka gina ba. Insurgent ya rufe da wani tsohon bidiyo da ke cewa an killace birnin ne da gangan kuma akwai duniya a bayan shinge. Yana sa tsikar jiki ta tashi, sai dai Allegiant na 2013 da ya zo bayani ya mayar da rikicin rukunan duka ƙaramin abu a cikin wani gwajin ƙwayoyin halitta, kuma ƙarshensa ya raba kan masu karatu ƙwarai. Ko a fim, an raba shi biyu, an fitar da rabin farko a 2016, rabin ƙarshe ba a taɓa yin sa ba. Wanda kuma ya shiga duniyar Panem yana da ƙarin littafi biyu da suka koma baya, na 2020 a kan ƙuruciyar Snow da na 2025 a kan gasar Haymitch.

Ranar Asabar muka shiga babbar kasuwa ni da ita, wajen masu baza tsofaffin littattafai a kan leda. Mai littafin ya ciro mana Catching Fire guda biyu, ɗaya sabo fil a cikin leda, ɗaya tsoho da bango a lanƙwashe. Na ce ya buɗe sabon. Takardar fara ce ƙal mai kauri, rubutun ya karkace, tawada ta dushe a wasu shafuka, da na lanƙwasa gindin sai gam ya fara tsagewa. Bugun jabu ne, irin wanda ake samun shafuka sun ɓace ko sun maimaitu a tsakiya. Na sa ta ƙirga babi na tsohon ɗaya bayan ɗaya har 27, ta duba shafin ƙarshe yana nan. Shi muka ɗauka, kuma ya fi araha, har ta sami canjin kuɗin Keke Napep.

Daren Litinin, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, an ɗauke wuta, na ga hasken fitilar waya ta ƙarƙashin ƙofarta. Na leƙa. Tana zaune a kan sallaya, littafin a cinya, idonta ya yi ja. Ta ce, "Gwaggo, tsohon nan na Gunduma ta 11, fito kawai ya yi fa." Na ce na sani. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Maman nan ta Kakuri da kike faɗa, tana da rai?" Na ce tana nan, a Narayi take yanzu wurin ɗanta. Ta ce in kai ta su gaisa kafin hutu ya ƙare. Muka sa ranar Alhamis.